Tokar Gidan Rabi'a

Moss Side, Manchester
18 ga Nuwamba, 2012

Zuwa ga Kawu Dakta Ashafa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, jiki yana ta ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai sanyi.

Na san za ka yi mamakin ko wace ce. Ni ce Rabi'a, jikar Hajiya Turai ta Rano, wadda ita da mahaifiyarka 'yan maza zar ne. Ba ka taɓa ganina ba, don ka bar gida tun kafin a ɗaura auren iyayena. Da za mu taso Hajiya ta ba ni adireshinka, ta ce kada in wahalar da kai da waya, tun da ciwon nan ya same ka magana ba ta fita, amma hannu yana rubutu. Ta ce in ban neme ka ba kada in dawo mata gida.

Maigidana Sunusi yana PhD a uni ta Salford. Muna da 'ya ɗaya, Zinatu, shekararta biyar. Wata biyu kacal ta yi a makaranta, amma in ta buɗe baki sai in rasa 'yar wa na haifa. Jiya ta dube ni ta ce, "Mummy, it's proper freezin'."

Kawu, gidan da muka kama na tsofaffin nan ne masu manne da juna. An ce ya haura shekara ɗari. Gas ya fi ƙarfinmu a bana, sai landlord, wato mai gidan, ya ce mu yi amfani da murhun da ke falo. Ban taɓa ganin irinsa ba. Baƙin akwati ne mai ƙofar gilashi, a zuba masa gawayin nan marar yawan hayaƙi, a rufe. Ranar da Sunusi ya fara hura shi na zauna a ƙasa ina kallo har na manta da tuwona a kan wuta. Ni da na tashi hayaƙin icce yana sa ni hawaye a kicin ɗin Hajiya, yau ga wuta a tsakiyar ɗaki, a bayan gilashi, tana lashe-lashenta ba ta taɓa kowa, hayaƙin yana bi ta cikin bango ya fita ta saman rufi. Na fita titi da yamma na ɗaga kai, kowane gida da nasa bututun a jere har ƙarshen layi. Na ce ikon Allah, mutanen da suka gina wannan duk sun mutu, amma hanyar da suka yi wa hayaƙi tana nan tana aiki.

To ga inda gizo ke saƙa. Toka. In na sa tsintsiya sai ta tashi ta bi labule da kujeru. Na ɗauko hoover, injin sharar da muka tarar a gidan, na zura masa. Ta baki ya sha, ta baya ya feso, falo ya yi fari fat, daga nan ya yi wani gurnani ya mutu. Zinatu ta kwana tana tari, sai da likitan unguwa ya ba ta abin shaƙa.

Hajiya ta ce gidanka ma na da ne, kuma ka daɗe a ƙasar nan. Wane irin inji ake kwashe toka da shi? Na leƙa kanti na ga iri-iri, kaina ya ɗaure. Lambar wayata tana bayan takardar, ko da wani zai kira a madadinka.

Sunusi yana gaishe ka.

Taka,
Rabi'a

Handsworth, Birmingham
9 ga Disamba, 2012

'Yata Rabi'a,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na ji daɗi ƙwarai. Ina Sunusi, ina mutuniyata Zinatu, yaya tarin? Ni da sauƙi, alhamdu lillahi. Ki yi haƙuri da jinkiri da kuma rubutun. Dama rubutun likita ba abin yabo ba ne, yanzu kuma hannun hagu ne yake yi, na dama ya ajiye aiki. Layi biyu uku nake yi in huta.

Turai tana nan da faɗanta ke nan. Allah Ya ƙara mata lafiya.

Bari in gaya miki halin da nake ciki, don kada ki yi tsammanin wani babban Dakta ne a nan. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same ni bara. Da na farfaɗo sai na tarar Turanci ya tafi. Shekara arba'in ina duba marasa lafiya da shi, ina faɗa da shi, har mafarki da shi nake yi. In an yi shi ina ji sarai, amma in na neme shi babu. Hausa ce ta zauna, ita da na yi wa riƙon sakainar kashi tun da uwar 'ya'yana ta rasu. Ita ma a hannu ta zauna, ba a baki ba. In na buɗe baki sai wani sauti ya fito da ni kaina ban san shi ba. Na karanta irin wannan a littafi, na gani a jikin wasu, amma da ya zo kaina sai na ga ban san komai ba game da abin da Allah Ya ajiye a cikin ƙoƙon kan ɗan Adam.

Da ina zuwa wajen koyon magana, an rufe wurin, wai babu kuɗi. Ɗana Maharazu yana London. Mai kula da ni wata baiwar Allah ce, Scholastica, 'yar Kafanchan, tana jin Hausa tana karantawa. Ita ma council, hukumar gari, sun rage mata kwanakin zuwa. Ban leƙa ko bakin titi ba tun azumi.

Maganar toka. Hoover na gida ba na toka ba ne. Toka ta fi ƙura laushi, tana ratsa matatarsa ta shaƙe shi. Akwai wanda aka yi musamman dominta, sunansa na Turanci yana kan harshena ya ƙi sauka. Ga dai abin dubawa. Ki nemi mai ƙarfe, ciki da waje. Tiyonsa ma mai ƙarfe. Matatarsa ta zama mai kauri, saboda ƙirjin yarinyar.

Dalili shi ne wuta tana kwana a cikin toka. Ina yaro a Rano ba mu san ashana ba sosai. Inna takan rufe garwashi da toka bayan tuwon dare. Da asuba ta tona da kara, sai ga shi ja wur kamar idon zakara. Maƙwabta su aiko da kasko a ɗebar musu. Akwai lokacin da muka je suna Kibiya muka kwana biyu, muka dawo ta tona, yana nan da ransa. Har yau abin yana ba ni mamaki. Abu a sama sanyi ƙalau, a ƙasa rai.

Hannu ya gaji. Ki sake rubutowa, ko ba maganar toka.

Kawunki,
Ashafa

Moss Side
14 ga Janairu, 2013

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, yaya jiki, yaya sanyi? A gaishe da Anti Scholastica. Tarin Zinatu ya yi sauƙi, sai mura da ta sake kama ta. Sunusi ya tafi Glasgow wani taro na uni, sai ƙarshen mako.

Na karanta takardarka har na kusa haddace ta. Wasu kalmomin sai da na kai su jikin taga na juya su kafin na gane, amma na gane. Labarin Turancinka ya tsaya mini a rai. Na kira Hajiya na karanta mata, ta ce, "Ashe harshen uwa ba ya yin fushi."

Albishirinka, na sayi injin. Na jira sai da aka yi sale, rangwamen bayan Kirsimeti. Na ce wa yaron kantin wanda ya fi kowanne ƙarfi nake so, kamar yadda ka ce in nemi mai ƙarfi ciki da waje, tiyonsa ma mai ƙarfi. Ya kawo mini wani ja mai ƙyalli, na roba ne amma roba mai kauri, ana hango cikinsa. Kawu, ka ga aiki! Yana taɓa toka sai ka neme ta ka rasa. Tana shiga ta riƙa juyawa a ciki kamar guguwa a kwalba. Zinatu ta ce, "Do it again, Mummy!" Ko ɗigo ba ya fesowa. Ni da na saba durƙuso da tsintsiya da kwano, ga shi ina tsaye, kafin in gama salati murhu ya yi tas.

Na tuna maganarka cewa wuta tana kwana a toka, shi ya sa kullum sai na ɗora hannu a sama na ji ta huce kafin in kwashe. Tunda kuma injin mai ƙarfi ne, na san ba abin da zai gagare shi. Yanzu kowace safiya nake yi. In na gama in tura shi ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin bene, wajen riguna da akwatunanmu, in rufe. Sai ya cika nake juyewa.

Na canza layin waya zuwa mai sauƙin kiran gida, ban riƙe sabuwar lambar ba tukuna, zan aiko.

Allah Ya saka da alheri, Kawu.

Taka,
Rabi'a

Handsworth
17 ga Janairu

Rabi'a,

Salam. Ina lafiya.

ƘARFE na ce. ƘARFE, irin na maƙera. Ba ƙarfi ba.

Kada ki ƙara kunna injin nan. Fitar da shi bayan gida yanzu, nesa da bango. Iskar da yake ja ita ce mafici, in ya haɗiye garwashi ɗaya hura shi zai yi. Roba kuma ba ta riƙe wuta. Benen nan shi kaɗai ne hanyarku ta sauka.

Na sa Scholastica ta kira, lambar a kashe. Za ta sa wannan a akwatin gidan waya in za ta wuce. An ce gobe za a yi ƙanƙara mai yawa, ban san yaushe za ta iso ki ba.

Allah Ya tsare.

Ashafa

Rusholme
24 ga Janairu, 2013

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa gida lafiya kai da Yaya Maharazu, ƙirjin kuma ya saki. Mu lafiyarmu ƙalau, ni da Zinatu ko ƙwarzane babu. Muna gidan wata ƙawata a Rusholme kafin a gyara benen.

A asibiti ban iya ce maka komai ba. Na zauna kusa da gadonka ina kallonka kamar wata sokuwa. To bari in rubuta, tunda kai ba ka san abin da ya faru a sama ba.

Ran Juma'ar nan an tashi da ƙanƙara, Zinatu ba ta je makaranta ba saboda murar. Da safe na kwashe toka kamar kullum, na taɓa na ji sanyi, na tura injin ƙarƙashin bene na rufe. Bayan azahar na ba ta magani muka shige ɗakin baya na sama, na ja ƙofa don ɗumi, barci ya kwashe mu.

Cikin barci na ji ana bugun ƙofar titi. Na ce yaran layi ne ke jifa da ƙanƙara, na gyara kwanciya. Aka sake bugawa, na ce ko masu talla ne, su gaji su tafi. Sai na ji an ce, "Wuta!"

Kawu, ban san yadda zan kwatanta maka ba. A layinmu babu mai jin Hausa ko mutum ɗaya. Muryar kuma ba ta Sunusi ba ce. Murya ce mai kauri, a shaƙe, kamar daga cikin rijiya, kuma irin yadda mutanen gidanmu ke jan kalmar. Na ɗauka mafarki nake yi ina Rano. Sai aka ƙara, "Rabi'a! Wuta!"

Na buɗe ƙofar ɗaki, daidai nan abin gargaɗin hayaƙi da ke manne a silin ya fara ihu. Hayaƙi baƙi yana hawowa ta tsakanin katakan bene. Na saɓa Zinatu a kafaɗa na rufe mata kai da zanena. Ba takalmi a ƙafata. Da na taka matakalan tsakiya na ji su da zafi kamar dandamalin tsakar gida a watan bazara. Ban tsaya ba. Ta ramin wasiƙun da ke jikin ƙofa na hango yatsu sun ɗaga murfin, da baki a wajen.

Na buɗe, sai ga wani tsoho a durƙushe cikin ƙanƙara, sanda a yashe gefe, hula ta faɗi, gemu duk fari da ƙanƙara, ambulan ɗina a hannunsa ya jiƙe. Ban taɓa ganin ko hotonka ba, amma ina ganin goshin nan na ce Hajiya ce sak. Na ce, "Kawu?" Ka buɗe baki, babu abin da ya fito. Ka nuna mini titi kawai.

Maƙwabcinmu Mista Eli, wani tsoho ɗan Jamaika, shi ya kira 'yan kwana-kwana, shi ya ja ka cikin gidansa ya lulluɓe ka da bargo kafin motar asibiti ta zo. Ka san abin da ya ce mini? Wai ya daɗe yana kallonka ta taga, tun daga kan kwana kana jan ƙafa kana duba lambobin gidaje. Ya ɗauka wani ne ya ɓace daga gidan tsofaffi. Da ka yi ihun, ya ce bai san yaren ba amma sai da ya ajiye kofinsa ya miƙe.

'Yan kwana-kwana sun kashe wutar kafin ta fita daga ƙarƙashin benen. Riguna da akwatuna sun tafi, har da lefena da na taho da shi. Injin kuwa ya narke ya zama wani dunƙule kamar ƙullin danƙo. Babbansu, wata mace ce, ta ɗauke ni gefe ta ce da mun ƙara jimawa kaɗan benen ba zai taku ba. Ta ce garwashin da ya yi wannan aikin ƙila bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

Takardarka ta iso ran Talata. Na je kwasar kaya na tarar da ita a ƙasa cikin ruwan da aka kashe wutar da shi. Na ga ƘARFE da manyan baƙaƙe. Na ɗauko ta farko na kai jikin taga na sake dubawa. Kawu, ƙarfe ka rubuta. Ni ce na ga abin da raina ke so. Na zauna a bakin ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar gobarar.

Sunusi ya ce ba shi da bakin da zai gode maka, zai zo da ƙafarsa. Ni tambaya ɗaya ce ke cina. Mutumin da bai leƙa titi ba tun azumi, ba baki, ba hannun dama, yaya aka yi ka zo Manchester a ranar da masu lafiya ma suka zauna a gida?

Taka,
Rabi'a

Rusholme
19 ga Fabrairu, 2013

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar jiki. Mu lafiya.

Shiru ya yi yawa. Kullum sai na je Moss Side na duba ko takarda ta zo. Na kira lambar da Yaya Maharazu ya ba ni a asibiti, ba ya ɗauka. Na ga fuskarsa ranar, ban kuma ga laifinsa ba. Mahaifinsa yana zaune lafiya, wata da bai taɓa jin sunanta ba ta jawo shi cikin ƙanƙara har sanyi ya kama masa huhu. In fushi yake yi ya yi gaskiya. In kai ne kake fushi, Kawu, ka yafe mini. In kuma jikin ne, don Allah Anti Scholastica ta rubuto ko layi ɗaya.

An kusa gama benen. Landlord ya ce murhun ba shi da laifi, mu ci gaba da amfani da shi. Ni kuwa ko kallonsa ba na son yi. Ban sayi wani inji ba, ba kuma zan saya ba sai na ji daga gare ka.

Taka,
Rabi'a

Handsworth
3 ga Maris, 2013

'Yata Rabi'a,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku duka. Ina nan da raina, huhu ya washe. Babu mai fushi da ke. Maharazu ya tafi da ni London ne wai in huta, takardunki biyu suna nan suna jirana sai shekaranjiya na dawo. Fushinsa da ni ne. Ya so ya riƙe ni can gaba ɗaya. Na rubuta masa a takarda cewa wanda ya kai kansa Manchester zai iya kai kansa banɗaki. Ya yi dariya har da hawaye, ya maido ni.

Kin tambayi yadda na zo. Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Ran Alhamis da dare ban runtsa ba. Da gari ya waye na ga ƙanƙara ta rufe mota da shinge, na san mai kawo wasiƙa ba zai fito ba, Scholastica kuma ba ranarta ba ce. Na yi sallar walaha, na sa kwat, na ɗauki ambulan ɗinki saboda adireshin. Daga ƙofata zuwa bakin titi na faɗi sau ɗaya. Wani Basikhe mai kanti ya ɗaga ni, na nuna masa ambulan, ya dube ni ya dubi sama, ya rufe kantinsa ya kai ni tashar jirgi da motarsa. A tasha na nuna wa wata yarinya mai aikin wurin, ta yankar mini tikiti ta riƙe hannuna har kujera. A Manchester wani direban taksi Basomale ya karanta, ya kawo ni har inda mota ta ƙi gaba. Babu wanda na ce wa uffan. Babu wanda na san sunansa. Kamar tulu ake miƙawa daga hannu zuwa hannu a bakin rijiya. Ina cikin jirgi ina kallon gonaki fari fat har iyakar gani, na ce ya Rabbi, shekara arba'in ina zaton bakina ne ke kai ni inda za ni a ƙasar nan.

Da na iso ƙofarki na buga ba a amsa ba, har na ce ba kwa nan, na ji sanyi a raina. Na durƙusa ne kawai don in tura ambulan ɗin ki san na zo. Ina ɗaga murfin warin roba ya bugi hancina. Na leƙa na ga hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙaramar ƙofar, ga takalman yarinya a gindin bene.

Daga nan ban san abin da ya faru ba. Ban nemi kalmar ba. Wata da watanni ina zama gaban madubi ina neman in ce ruwa, in ce Allah, ba ya fita. Wannan kuwa ita ta fito da kanta, ta tsaga ƙirjina ta wuce, na ji ta a kunnena kamar wani ne a bayana ya faɗa. Likitoci suna da bayani a kan haka, ni ma na taɓa yi wa iyalan marasa lafiya shi. Bayanin daidai ne. Amma ni da nake durƙushe a wurin, na san ba ni na yi ba.

Kada ki ƙara zargin kanki a kan baƙi ɗaya. Na sa Scholastica ta karanta irin rubutuna, ita ma ƙarfi ta gani.

Yanzu maganar inji, ita ta rubuta mini sunan na kwafa: ash vacuum. Haka za ki ce musu. Kamar bokiti yake mai murfi. Ki ƙwanƙwasa jikinsa da zobenki, in bai yi ƙara irin ta kwano ba ki bar shi. Ki leƙa cikin tiyon ki ga ƙarfe, bakinsa ma haka. Ki sa su buɗe miki matatar ki gani, ki tambaya ko ana samun ta canji. Ba ruwanki da ƙarfinsa, toka ba nauyi gare ta ba. Ko shi ɗin ma kada ki ba shi tokar jiya. Ki tona ta har ƙasa, ki bar ta ta kwana ta wuni, ta sake kwana. In kin kwashe ki juye nan take a bokitin ƙarfe mai murfi a bayan gida. Kuma ki hura murhunki. Yarinya na bukatar ɗumi, wuta kuwa ba ta yi miki laifi ba, halinta ta yi.

Saura labari ɗaya. Tun daga ranar gobarar wasu kalmomin sun fara biyo waccan kalmar, ɗaya-ɗaya, ba kullum ba. A London na ce wa Maharazu "sannu", ya fita ya bar ɗakin. Jiya na ce wa Scholastica "shayi", ta saki cokali ta ce, "Baba, sake faɗa!" Ya ƙi sakuwa. Da safen nan na idar da Fatiha a bayyane, a karkace dai, amma Mai ita Ya ji.

Na ga sabuwar lambarki a bayan ambulan. Ran Juma'a bayan la'asar ki zauna kusa da wayarki. Scholastica za ta danna mini. Ban san abin da zai fito ba, ƙila sallama, ƙila ba komai. In kin ɗauka kin ji shiru, kada ki ajiye. Ni ne.

Kawunki,
Ashafa